Shekarar da Na Sare Reshen Tsamiya

'Ya'yana, na san abin da kuke ji duk lokacin da kuka je ƙauye biki ko ta'aziyya. Ba a faɗa muku kai tsaye, sai dai a bi ta gefe, a ce ubanku ya shiga aikin lantarki ya manta asalinsa, ya ɗora gatari a kan tsamiyar kakanni, ya raba gida biyu. Gatari kam na ɗora, da hannun nan nawa, kuma da za a mayar da ni wannan ranar da na sake ɗorawa. Abin da ba a gaya muku shi ne dalili. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka ku ji yadda aka yi na rasa yayana yana raye.

Baffanku Malam Bube shi ne ubana bayan ubana. Mahaifinmu ya rasu ban gama wayo ba, Yaya Bube ya riƙe ni, ya koya mini babbaƙu da farfaru, ya yi mini aure, kuma har na yi gemu akushi ɗaya muke sa hannu. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai fara'a, amma idan ya ce a'a to ko hakimi ya haƙura. Da safe yana karantarwa, da rana yana gona, sauran lokacinsa kuwa na ragunansa ne. A bakin gonarmu, bayan gari, akwai wata tsohuwar tsamiya da ake kira tsamiyar Malam. An ce kakan kakanmu ya karantar da mutane a ƙarƙashinta tun zamanin jihadi, lokacin da jama'a ke zaune a Sifawa, kuma tun daga nan ƙarfe bai taɓa jikinta ba. Kun san yadda ake yi a wajenmu: idan an cire wake, sai a ɗaure harawa dami-dami a ɗora a kan itace don kada dabbobi su cinye. Gidanmu a tsamiyar Malam muke ɗorawa, kaka da kakanni, a kan wani babban reshe da ya miƙe wajen hanya. Mutane sun yarda ragon da ya ci harawar nan yana da albarka, shi ya sa tun daga Lambara ake zuwa neman ragon suna a hannun Yaya. Kuma ba ya yarda kowa ya hau masa. Shi da kansa yake hawa.

Da aka ja layin wuta daga Bodinga zuwa Shagari, sai ya ratsa ta gefen gonarmu. A lokacin reshen yana nesa da waya, babu wanda ya damu. Amma itace ba ya tsayawa, shekara tana zuwa yana ƙara tsawo, har tsinin reshen ya zo ya yi wa wayoyin rumfa daga can sama.

Ni kuma aikina a lokacin shi ne neman laifi a layi. Mutane suna zaton gyara ne wahalar aikinmu. Ina! Gyara kowane mai tsani da filaya zai yi. Wahalar ita ce ka gano inda abin yake. Layi tafiya ce mai nisa, falwaya bayan falwaya, wato turakun da ke ɗauke da waya, ta gona, ta fadama, ta daji. A tasha akwai babban makunni wanda idan wani abu ya taɓa waya sai ya faɗi da kansa ya yanke wuta, amma ba shi da bakin da zai gaya maka a ina ne. Idan laifin mai zama ne, kamar waya ta tsinke ko falwaya ta faɗi ko tangaran ɗin da ke riƙe waya ya fashe, to da sauƙi, ka bi layi da ƙafa za ka tarar da shi yana jiranka. Wanda ke sa mutum furfura shi ne mai zuwa ya tafi. Wannan sai ka yi masa dabarar raba layi: ka je tsakiya ka buɗe mahaɗa, rabi da wuta rabi babu, ka jira. In makunni ya sake faɗuwa, laifin yana ɓangaren da ke da wuta. In bai faɗi ba, yana ɗaya ɓangaren. Sai ka sake raba wancan biyu, haka haka har ka matse shi a lungu. Na iya wannan aiki, ba yabon kai ba, duk yankin an san Sanda ba ya komawa gida ya bar laifi a layi.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan kaka, layin Shagari ya fara wani iskanci. Bayan la'asar sai makunni ya faɗi. Haliru, abokin aikina da ke zaune a tasha, sai ya ɗan jira kamar yadda doka ta ce, ya mayar, wuta ta zauna lafiya lau kamar ba a yi komai ba. Gobe shiru, jibi shiru, gata kuma ya sake. Masu injin niƙa a Shagari suka fara kuka, injin rijiyar burtsatse ya ƙone, mata suka koma ɗibar ruwa da guga. Shugabanmu ya kira ni ya ce in nemo abin nan ko aljani ne. Na zargi jemagu, na zargi tsattsagaggen tangaran, na zargi masu satar wuta. Itace ne kaɗai ban zarga ba, domin itace fitinar damina ce, kuma mun riga mun yi sassabe. Na je Dandin Mahe na buɗe mahaɗa, muka jira. Mutanen Shagari suka sha duhu suna tsine mini, makunni kuma ya sake faɗuwa. To, laifi yana tsakanin Bodinga da Dandin Mahe. Na sake rabawa, na sake jira, na sake shan zagi. Da na gama matse shi, sai ga shi ya faɗo a ɗan tsakanin da ƙauyenmu yake.

Na bi wurin nan da ƙafa da safe ba sau ɗaya ba. Na duba kowace falwaya, na hau na shafa tangaran da hannu. Na wuce ta ƙarƙashin tsamiyar Malam, na ɗaga kai, na ga reshe can sama da tazarar da ba ta tayar da hankali, na wuce abina. Na tambayi mutanen garinmu, waɗanda suka san ni tun ina yawo ba wando, ko sun ga tartsatsi ko sun ji ƙara. Kowa ya ce bai ga komai ba. Har gida na shiga muka ci tuwo da Yaya ina yi masa ƙorafi.

"Yaya, abin ga ya ishe ni. Ko barci ba ni yi."

Ya yi murmushi, ya tura mini tsokar nama gabana.

"Ci abinci, Sanda. Allah shi bayyana."

Daga nan na ce, tunda laifin nan da la'asar yake fitowa, zuwan safe aikin banza ne, ɓarawon yamma da yamma ake tsare shi. Na rarraba mutanena a kan layin, kowa da falwayoyin da zai zuba wa ido daga la'asar zuwa magariba. Ni na zaɓi wajen gonarmu, kuma gaskiya ba don ina zargin komai ba, don dai akwai inuwa. Muka yi kwanaki ba abin da ya faru. Ran nan ina zaune a gindin wata falwaya nesa kaɗan, sai ga Yaya ya fito daga gari da igiya a kafaɗa. Bai gan ni ba. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe riga, ya kama tsamiya ya hau kamar saurayi. Ya taka babban reshen nan ya nufi wajen damman harawa. Ina kallo reshen ya fara sunkuyawa. Nauyin harawa ya riga ya sauko da shi, nauyin Yaya ya ƙarasa. Tsinin reshen ya sauka a kan wayar gefe, ya danna ta, ya tura ta har ta sumbaci 'yar'uwarta. Sai ji na yi tau! Wani shuɗin haske ya tashi, ganye ya yi hayaƙi, tsuntsaye suka watse. Yaya ko waiwaye bai yi ba, kwance daminsa kawai yake yi. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Sai kuma na tuna da Haliru. Yanzun nan zai gama jiransa ya mayar da wuta, ga reshe kwance a kan waya, ga yayana a kan reshe. Oba-oba, rediyon da muke magana da tasha, tana cikin mota, mota tana bakin hanya. Ban san ina da gudu irin wannan ba sai ranar. Na faɗi a kunyar gero, na tashi, na isa mota na fizgo abin magana.

"Haliru! Kada ka mayar! Don girman Allah kada ka mayar!"

"Sanda, lahiya? Ga hannuna bisa makunni."

"Ɗauke shi! Akwai mutum bisa layi!"

Na dawo gindin tsamiya ina haki, na tarar Yaya ya sauko yana ɗaure daminsa. Da nauyinsa ya bar reshen, reshe ya koma sama, waya ta koma wurinta, ka rantse ba abin da ya faru. Shi ya sa duk zuwan safen da na yi ban ga komai ba.

"Yaya, ka san abin da kaka yi kuwa?"

"Mi niy yi? Harawata na ɗauka."

"Ba ka ji ƙara ba? Ba ka ga wuta ba?"

Ya yi dariya har da riƙe gemu.

"Wanga? Ai kullum haka taka yi in na hau. Wutar nasara in ta ga tsamiyar Malam sai ta ɗauke. Gari duka an sani."

Ashe abin da ake ɓoye mini ke nan. Ba mugunta ba ce, alfahari suke yi da abin. A wurinsu karama ce ta kakanmu, har akwai masu fitowa su tsaya daga nesa su kalla su yi salati. Sun kuma san idan ma'aikatan lantarki suka ji, gatari zai zo. Na kama hannun Yaya na kai shi ƙarƙashin waya, na nuna masa inda wuta ta ci ta, ta yi baƙi, silinta sun fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa abin da ya cece shi zuwa yanzu shi ne reshen a bushe yake, kuma makunnin tasha yana faɗuwa da sauri. Ranar da raɓa ta jiƙa icen, ko wayar nan ta tsinke ta yi bulala, ko Haliru ya mayar da wuta yana sama, to sai dai a sauko da shi da igiya. Ya saurare ni har na gama.

"Ajali na hannun Allah, Sanda. Tsamiyar ga ta riga wayarku zuwa duniya. In wani zai gusa, wayarku ta."

Kada ku ce ban nemi wata hanya ba. Na bar layin a kashe, na je wurin shugabanmu na roƙe shi a karkatar da layin ya kauce wa icen. Ya ce wannan aikin sababbin falwayoyi ne da sabon awo, ko an yarda ba zai yiwu ba kafin wata daminar ta wuce, kuma ba za a bar Shagari a duhu saboda reshe ɗaya ba. Na dawo na roƙi Yaya ya sauke harawar ya mayar kan rumfa, na ce ni zan kafa masa rumfar. Ya ce inda ubansa ya ɗora nan zai ɗora, harawar rumfa ai harawar kowa ce. Na je wurin mai gari na faɗi na yi gaisuwa, na zayyana masa komai. Ya ce shi ba ya shiga tsakanin harshe da haƙori. Kowa ya janye jikinsa, aka bar ni da abin, ga shugabana yana aiko mini da saƙo cewa gobe wuta za ta koma ko da ni ko ba ni.

Yanzu zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai mahaifiyarku. Da yammacin ranar na shiga wurin Inna, kakarku. Ta tsufa sosai a lokacin, tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta na zauna. Ba ta ɗago kai ba, sai ta yi magana.

"Sanda, gaya min gaskiya. Bube shina iya mutuwa?"

"Inna, abin mamaki shi na da bai mutu ba har yau."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, har na zaci ta gama magana.

"Ni dai ban haihi icce ba. Ku biyu na haihwa. Tahi ka yi aikinka."

Na yunƙura zan tashi, ta riƙe mini bakin riga.

"Amma kada ka ce ni nic ce. Na san halin Bube, ba shi yahewa. In ya yi hushi da uwa tai, ya ɗauki zunubin da ba shi iya saukewa. In ya yi da kai, kai ƙane na, kana iya ɗauka."

Na ce mata na ɗauka. Ban san nauyin abin ba sai daga baya, amma ko na sani da haka zan ce.

Masu cewa na faki idonsa na sare, ƙarya suke yi, Allah ya yafe musu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka sallame sallar asuba na same shi a ƙofar masallaci, a gaban mutane, na ce masa da hantsi zan zo in cire reshen, reshe ɗaya tak, ba zan taɓa sauran ba. Da hantsi na zo da mutanena. Muka tabbatar layi a kashe yake, muka haɗa wayoyin da ƙasa kamar yadda ake yi don kariya ko da wuta ta dawo. Na dubi yaran aikina, kowa ya sunkuyar da kai, babu wanda zai ɗora ƙarfe a kan tsamiyar Malam. Ban ga laifinsu ba. Na karɓi gatari na soke a bel, na hau da kaina. Na fara sauke harawar Yaya dami-dami da igiya, a hankali, ko ganye ban bari ya zube ba. Kafin in gama gari ya taru. Yaya yana gaba, ya harɗe hannu a baya. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Sanda, in ka sara, ba ni ba kai."

Na dube shi daga sama. Mutumin nan shi ya goya ni ranar da aka binne ubanmu. Wallahi hawaye ya cika mini ido har ban ga inda zan sara ba, sai da na share da hannun riga. Na ce bismillahi, na ɗaga gatari. Icen tsamiya kun san taurinsa, sai da azahar ta kawo jiki reshen ya yi ƙara ya tafi ƙasa a kan igiyoyin da muka ɗaura masa. Wata tsohuwa ta fasa kuka. Da na sauko hannuwana duk sun yi kanta sun fashe, na duba ban ga Yaya ba. Na kira Haliru na ce ya mayar da wuta. Ya mayar, ta zauna, kuma wannan laifin bai sake dawowa ba.

Yaya ya cika maganarsa. Malami ne, ya san bai halatta ya ƙaurace wa ɗan'uwansa musulmi ba, saboda haka idan na yi sallama yakan amsa, cikakkiya, har da wabarakatuhu. Daga nan kuma ƙofa ta rufe. Idan na zo gida sai a kawo mini tuwona a kwano daban, shi ya ci nasa a zaure. Da aka haifi babbarku bai zo suna ba, ya aiko da rago ta hannun wani, kuma ragon ba daga garkensa ba, a kasuwa ya saya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na aika dattawa, na je da kaina na durƙusa. Ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, kuma bai sake ni ba. Mahaifiyarku ta sha ce mini in gaya masa Inna ce ta sa ni, musamman bayan Inna ta rasu. Sau da yawa maganar ta zo mini har leɓe. Sai in tuna mutum ne da ke zuwa kabarinta duk Juma'a yana yi mata addu'a da zuciya ɗaya, in ce a'a, wannan ba zan ɓata masa ba. Yanzu da su biyun suka koma ga Allah, ba wanda maganar za ta cutar, shi ya sa na rubuta.

Ya daɗe a duniya, Yaya. Ya aurar da 'ya'yansa duka, ya ga jikoki har da 'ya'yan jikoki, ya je Makka ya dawo. Can ƙarshe idonsa ya tafi. Zuwana na ƙarshe na same shi a zaure a kan buzu, yana jan carbi, wasu ƙananan jikoki suna hawa bayansa suna sauka. Na yi sallama, ya amsa.

"Wa na?"

"Ni na, Yaya. Sanda."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Ka zo ka gani ko na mutu? To ban mutu ba."

"Abin da niz zo gani ke nan, Yaya."

Na zauna a bakin ƙofa ina kallonsa har aka kira la'asar. Da damina ta zagayo ya rasu, a kan shimfiɗarsa, furfura har gira, yana fushi da ni. Da aka zo wanka 'ya'yansa suka ce ni ne babba, ni zan yi. A aikina na sha sauko da mutanen da waya ta kama, na san yadda ake naɗe su ba tare da an bari iyalinsu sun gani ba. Na wanke yayana tun daga kai har tafin ƙafa, a hankali, ina dubawa. Jikinsa cikakke, babu tabon ƙuna ko ɗaya.